Yaron da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa: jagora ga iyaye da malamai

Duk wanda ya yi damina a Gadarif, a gabashin Sudan, ya san tsawarta. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, sai ka ji kamar an tsaga sama. Yaran garin ko kai ba sa ɗagawa, sun saba. Wata safiya ina tsaka da darasin lissafi a aji uku aka saki irin wannan tsawar. Kafin in juyo daga allo, wani ɗan shekara tara cikin waɗanda suka zo mana daga Madani ya shige ƙarƙashin benci, ya toshe kunnuwa, wandonsa ya jiƙe. Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Kai, fito! Ƙato da kai!" Ya fito. Sai da aka yi wata biyu bai sake ɗaga hannu a ajina ba.

Hausawa sun riga likitoci faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Abin da karin maganar bai gaya mana ba shi ne yadda za a yi in wanda aka sara ɗin yaro ne, ga shi kuma ana so ya nutsu ya haddace bakwai sau takwas. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 irinsa suka yi ta zuwa: na Khartum da Omdurman, sai na Madani bayan Disamba 2023, sai na Sinja da ƙauyukan Sinnar a tsakiyar 2024. Kafin su akwai waɗanda rikicin Damazin da Rusairis na 2022 ya koro. A Oktoba 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Da aka sake buɗe makarantu, yaran sun dawo benci, amma da yawansu hankalinsu na can kan hanya.

Kada dai a ɗora wa yaƙi komai. Na koyar da yaran da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba, alamunsu kuma iri ɗaya ne da na wancan yaron, domin kullum dare suna kwance suna jin ana dukan uwarsu. Matakan nan na uwa ne da uba, da kaka, da goggon da aka bai wa riƙo, da malamin boko da na allo, duk wanda ke da yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 a hannunsa.

Mataki na farko: ku lissafa abin da ya gani

Ba yaron za ku tsare da tambayoyi ba. Ku manya za ku zauna, bayan ya yi barci, ku bi shekarunsa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ma'aunin da zai taimaka. Tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 a birnin San Diyego abin da ya same su suna yara. Abubuwa goma ne a jerin: duka mai tsanani, zagi da wulaƙanci na kullum, lalata da yaro, rashin ci da sutura da kulawa, rashin mai nuna masa ƙauna, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi, zama da mai taɓin hankali ko matsananciyar damuwa, rabuwar iyaye, da ɗaure wani na gida a kurkuku. Kusan biyu cikin uku sun ce aƙalla ɗaya ya same su. Kusan ɗaya cikin takwas sun ce huɗu ko fiye. Mutanen nan fa ba 'yan gudun hijira ba ne, yawancinsu masu ilimi ne da rufin asiri. Da aka duba lafiyarsu, sai aka ga gwargwadon yawan abin da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya, da na hanta, da na huhu, da shaye-shaye, da yunƙurin kashe kai. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa tambayoyin don su dace da ƙasashe irin namu, ta ƙara mutuwar iyaye, da cin zalin da tsara ke yi wa tsara, da tashin hankalin unguwa, da yaƙi.

Ni kan ƙara namu na gida. Riƙo ba laifi ba ne, da yawanmu a hannun goggo muka tashi lafiya lau. Amma yaron da aka ɗauka dare ɗaya ba a ce masa komai ba, ya je ya zama ɗan aike a gidan da 'ya'yan gida ke cin nama shi yana jiran ƙanzo, wannan a sa shi a lissafi. A sa gorin kishiyar uwa. A sa wanda aka tura halwa, wato makarantar allo, mai nisa yana ɗan shekara shida, shekara ta zagayo ba wanda ya leƙa shi. A sa har da yaron da ake kira baƙo a filin wasa, alhali kakanninsa na garin Mai Wurno, a nan Sudan, tun bayan yaƙin Burmi na 1903.

Lissafin nan na buɗe ido ne kawai. Ba ƙaddara yake karantawa ba, kuma ba lambar da za a liƙa wa yaro ba ce. Akwai mai shida da ya tashi garau, akwai mai ɗaya da ta kayar da shi.

Mataki na biyu: ku san abin da tsoro ke yi wa jiki

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai aikin maigadi, likitoci na kiransa amigdala. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adiranalin da kotizol, zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama sama, narkar da abinci ta tsaya, jini ya tafi ƙafafu da hannuwa. Rahama ce wannan, da ita aka gudo. In haɗari ya wuce, kuma akwai babban da ya rungume yaro, komai sai ya koma mazauninsa.

Matsalar ita ce in abin ya yi ta maimaituwa wata da watanni ba mai kwantar masa da hankali. Maigadin sai ya daina barci. Bugun ƙofa, salansar raksha, wato babur mai ƙafa uku, takun namiji a bayansa, malami ya ɗaga murya, duk ƙararrawa ce. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuwa, wanda ke riƙe hankali wuri ɗaya, ya danne fushi, ya tsara abin da za a yi, bai gama girma ba sai an haura shekara ashirin, kuma shi ne ke fara yin rauni in ƙararrawa na bugawa. Haka ma sashen da ke ajiye sabon karatu. Shi ya sa za ka ga yaro ya biya allonsa da daddare sumul, da safe hadda ta zube. Wata likitar yara a San Faransisko, Nadine Burke Harris, ta duba yara 701 a asibitinta, ta fitar da sakamakon a 2011: cikin waɗanda ba ko ɗaya daga jerin nan da ya same su, 3 cikin 100 ne ke da matsalar karatu ko ta ɗabi'a, cikin masu huɗu ko fiye, 51 cikin 100.

Wanda ya gane wannan, tambayarsa kan sauya. Maimakon "me ke damun yaron nan da taurin kai?" sai ya koma "me ya tayar masa da ƙararrawa yanzu?"

Mataki na uku: ku lura mako biyu, ku rubuta

Ku sami tsohon littafin rubutu. Kowace rana layi biyu ko uku: ƙarfe nawa ya yi barci, ya farka da kuka ko a'a, ya ci abinci, ya yi fitsarin kwance, ya yi kukan ciki ko kai, ya yi faɗa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne me ya faru dab da abin. In uwa ba ta rubutu, babbar ɗiya ko maƙwabciya ta rubuta mata. Ba a cika kwana goma ba sai zare ya fito: ciwon cikin nan safiyar makaranta kawai yake zuwa, ran Juma'a lafiya ƙalau, faɗan nan kullum bayan an yi waya da uban ne.

Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai wuta: ba ya zama, ya tsokani wannan ya mari wancan, ƙiris ya fusata. Shi kowa na ganinsa, shi ke shan bulala. Akwai mai sanyi: ya zauna bayan aji ya kafe taga da ido, a kira sunansa sau uku kafin ya amsa, ya bar ƙwallo, ya bar abokai. Shi ake cewa daƙiƙi, ko a ce iska ta taɓa shi. Akwai kuma wadda ta fi ba ni tsoro, yawanci mace ce: 'yar shekara goma da ta zama uwar gida, ta yi wanke-wanke, ta goya ƙani, ta karanci fuskar uwarta kafin ta nemi ko ruwa, ba ta kuka, ba ta roƙo. Kowa na yabonta, "ai wance akwai hankali." Wannan hankalin tsoro ne ya haife shi, kuma don ba ta damun kowa, ba mai tambayar ta.

Kafin ku yanke cewa duk damuwa ce, ku kai shi asibiti a duba jiki. Zazzabin cizon sauro, tsutsar ciki da ƙarancin jini duk suna kashe kuzari da fahimta. Wanda ya tashi yana wanka a magudanan ruwan Jazira a duba masa tsargiya, balle in akwai jini a fitsari. Wanda dana, wato harsashin igwa, ta faɗi kusa da shi a gwada kunnensa. Na taɓa ɗaukar wata a mai raini, ashe kunnen hagu ne ba ya ji. Mai yawan ƙura wa wuri ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san inda yake ba, wani nau'in farfaɗiya na yin haka. Mai yawan ƙishirwa da yawan fitsari yana ramewa, a auna sukari.

Mataki na huɗu: ku tsayar da abin da har yanzu ke faruwa

Ba a ɗinke rauni wuƙa na ciki. Yaƙi ba a hannunmu yake ba, amma abubuwa da yawa suna hannunmu.

Na san inda za a ja da ni: bulala. An doke mu, ga mu mun zama mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni ma na riƙe ta shekaru, ba labari aka ba ni ba. Ga abin da na gani da idona. Ka doki mai wuta da safe, zai yi tsit har lokacin fatur, wato hutun karin kumallo, sannan ya fita ya sauke a kan ƙaramin da ya fi ƙarfi. Ka doki mai sanyi, ya ƙara nutsewa. Yaron da jikinsa ya riga ya yarda cewa babba abin tsoro ne, duka tabbatar masa yake yi. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba. Mu da ke cewa koyi muke yi, ga wurin koyi.

Barin duka ba sakin linzami ba ne. Irin waɗannan yaran ma sun fi kowa buƙatar iyaka, sai dai iyakar ta zama sananniya, ba mai sauyawa da yanayin fuskar babba ba. Dokoki uku sun isa: ba duka, ba ɗaukar kayan wani, a dawo gida kafin magariba. In ya karya, a fara da kwantar da shi, domin wanda ƙararrawarsa ke bugawa ba ya jin wa'azi. Ka durƙusa daidai tsayinsa, ka sassauta murya, ka ce ya ja numfashi ya fitar a hankali kamar mai hura shayi mai zafi, sau biyar. Bayan ya dawo hayyacinsa sai hukunci, kuma hukuncin ya yi kama da laifin: ya zubar, ya share, ya yaga littafin wani, ya liƙe shi ya ba da haƙuri. A ambaci aikin, a bar yaron. "Dukan da ka yi wa ƙaninka ba daidai ba ne" daban, "kai mugu ne kamar ubanka" daban. Ta biyun tana bin mutum har furfura.

Sai waya. Bidiyon gawarwaki da ake turowa ta WhatsApp, da saƙon murya na kuka da ake saki a tsakar gida, yaro na gefe kamar yana wasa, duk yana sha. A kalla a ɗaki, a saurara da abin kunne. Rigimar miji da mata ma haka, a kai ta inda ba ya ji. In kuwa ta kai ga duka, wannan ba sirrin aure ba ne kuma, a shigo da manya, domin yaron da ke kallo ana cutar da shi ko ba a taɓa shi ba.

Abu mafi nauyi na bar shi ƙarshe. A wurin da iyalai goma ke kwana a aji ɗaya, banɗaki na nesa ba fitila, yara na yawon talla har dare, lalata da yara na faruwa, maza da mata, kuma sau da yawa mai yin sananne ne. In yaro ya tsani wani mutum farat ɗaya, ko ya san abin da ya fi shekarunsa, ko yana jin zafi wurin zama ko fitsari, a bincika. In ya buɗe baki ya faɗa, kada a yi salati da kururuwa a kansa, kada a ce "me ya kai ki?" A ce, "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika gaya mini." A raba shi da mutumin a ranar. A kai shi asibiti kafin awa 72, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki. 'Yan sanda na da Sashen Kare Iyali da Yara, Dokar Yara ta 2010 kuma ta tanadi hukunci. Sulhun da ake yi a zaure don rufin asiri, asirin mai laifi yake rufawa.

Mataki na biyar: mutum ɗaya tsayayye

A tsibirin Kawai na Hawai, wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rikicin gida, kusan ɗaya cikin uku sun zama manya masu nutsuwa da riƙon amana. Abin da ya yi ta fitowa a tarihinsu shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da gaske. Ba lallai uwa ko uba ba. Wani kaka, wani yaya, wani malami.

Nan al'adarmu ke da wani gibi da ya kamata a faɗa. Uwa na alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Da can wannan bai cutar ba, don gidan cike yake: kaka na nan tana kiransa mijinta, goggo na nan, kawu na saɓa shi a wuya. Al'adar ta hana ta nan, ta bayar ta can. Yanzu gudu ya watsa gidan. Kaka ta ƙi barin Mai Wurno, goggo na Bur Sudan, kawu na Jidda. An bar uwa da alkunyarta, yaro ba kowa. Ko dai ta sassauta, ko a cikin ɗaki ne, ko a nemi wani amintacce a ce masa ƙarara, "Wane naka ne, ka riƙa duba shi kullum."

Aikin ba shi da wuya, dagewa yake so. Kwata ɗin awa kowace rana, lokaci ɗaya, yaron ne zai zaɓi abin da za a yi: dara, tatsuniya, zane a ƙasa, tsintar wake. Ba gyara, ba wa'azi, ba waya a hannu. In za ka fita ka gaya masa inda za ka da lokacin dawowa, kada ka sulale don gudun kukansa. Wanda aka taɓa ɓace masa, sulalewa ce ke haukata shi. Kada ka yi alkawarin da ba ka da tabbas. Manzon Allah ya tarar da ƙanin Anas yana baƙin ciki don ɗan tsuntsunsa ya mutu, ya tsaya ya tambaye shi, "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Tsuntsu ne fa. Bai ce masa yaro ne zai manta ba.

Shi ma mai riƙon a duba shi. Lokacin da ake ruwan bama-bamai a Landan a Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da abokiyar aikinta sun lura cewa rabuwa da uwa ya fi girgiza ƙananan yara fiye da ƙarar bam, kuma tsoron yaro na bin tsoron uwarsa. Uwar da ba ta barci, ba ta cin abinci, kuka na zuwar mata ba dalili, ita ma mai jinya ce. Zaman jabana, wato shan gahawa, da maƙwabta ba ɓata lokaci ba ne. In abin ya wuce haka, ta ga likita, don kanta da kuma don yaron.

Mataki na shida: yini mai tsari, a gida da aji

Wanda duniya ta birkice masa, sanin abin da zai biyo baya magani ne. Tashi, sallah, shayi, makaranta, allo, wasa, kwanciya, kowanne da lokacinsa, ko a rakuba ake zaune. Ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. A hana shi shayi mai ƙarfi da dare. In yana tsoron duhu a bar masa tocila, in yana so ya jawo angarib ɗinsa, wato gadonsa, kusa da na uwa a bar shi, zai koma da kansa. Mai fitsarin kwance a rage masa ruwa dab da kwanciya, a kai shi ya zaga, a shimfiɗa leda. Kada a shanya tabarmarsa a gaban yara, kada a yi masa waƙa. Ba da gangan yake yi ba, kunya kuma ƙara shi take yi.

Malam, kai ma da naka. Ka gaishe shi da sunansa a tabur, wato layin safe. Ka tambaye shi inda yake so ya zauna. Da yawansu sun fi son inda suke ganin ƙofa. Kada ka zo masa ta baya. Ka gutsura umarni, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi shekara biyu ba makaranta, kada ka tsayar da shi gaban allo ya karanta a yi masa dariya, ka gwada shi kai da shi. Ka ba shi wani aiki, goge allo ko rabon littattafai. Ka kuma lura da wanda ba ya fitowa da komai lokacin fatur, yunwa da tsoro tare suke tafiya. Wancan yaron na Madani, abin da ya yi mana aiki ƙarami ne: da na ga hadari sai in ce wa aji duka, "Yau akwai tsawa, in ta zo mu ƙirga tare." Daga walƙiya zuwa ƙara muna ƙirgawa da ƙarfi. Ya fara daga ƙarƙashin benci, daga baya yana zaune a kai.

Mataki na bakwai: ku faɗa masa gaskiya daidai kunnensa

Kada a matsa masa ya ba da labari, kada kuma a toshe shi in ya fara. "Bar tuna wannan" da "namiji ba ya kuka" ƙofa suke rufewa. Ya isa a ce, "Lallai ka ji tsoro ranar. Ni ma na ji. Yanzu ga ni, ga ka."

In uba ya rasu, a ce ya rasu. "Ya yi tafiya" da muke faɗa don tausayi na sa yaro zaman jiran ƙofa, ranar da ɗan maƙwabta ya fasa masa ƙwai kuwa, ya rasa uba ya rasa yarda da uwa. A ce, "Baba ya rasu, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a, kai ma ka yi." In ɓacewa ya yi, a ce ana nema, kuma duk labarin da aka samu za a gaya masa. Yaran wannan shekarun na ɗora wa kansu laifi a ɓoye: ni na ce ya sayo mini burodi, ni na yi rashin ji shi ya sa aka saki Inna. Ko bai faɗa ba a gaya masa, "Ba kai ka jawo ba." Kuma don Allah a daina ce wa ɗan shekara takwas shi ne maigida yanzu.

Za ku ga suna wasan shingen bincike, wani ya riƙe kara a matsayin bindiga, ko suna jana'izar 'yar tsana. Da wasa yaro ke narkar da abin da ya haɗiye, a bar su muddin ba a cutar da kowa. Wanda za a sa wa ido shi ne mai maimaita abu ɗaya tak kullum, fuska a ɗaure, ba ya jin daɗin wasan.

Mataki na takwas: lokacin neman likita

In an yi wata guda ana duk wannan ba sauƙi, ko abin gaba yake yi, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara kan damuwa. A tambaya a asibitin gari ko wurin ƙungiyoyin agaji masu wuraren wasan yara. Akwai kuma abin da ba a jira: yaro ya ce gara ya mutu ko yana yi wa kansa rauni, ya daina ci da sha, ya daina magana ɗungum, yana jin muryoyi, yana faɗuwa yana shure-shure, ko an kama shi da sholisho ko ƙwaya. Kada a saya masa maganin barci a kanti.

Addu'a ba ta karo da asibiti. Uwa ta dafa kan ɗanta ta karanta masa Falaƙi da Nasi kafin barci, wannan kariya ce kuma rarrashi ne. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, da kansa ya yi aiki tare da shehunan gargajiya don ya san nan mutane ke fara zuwa. Inda za a ja layi shi ne duk wanda zai doki yaro don fitar da aljani, ko ya turara masa barkono, ko ya sa masa mari, ko ya ce a bar shi da yarinya su biyu a ɗaki. A ɗauke yaron a tafi.

In za a koma gida

Tun da sojoji suka karɓe Madani a Janairu 2025, da Khartum a Maris, iyalai ke ta ɗaure kaya. Ga babba murna ce, ga yaro wata ƙaura ce kuma, zuwa wurin da abin ya faru. Ku sa ran fitsarin kwance da mugun mafarki za su iya dawowa na 'yan makonni. A gaya masa ranar tafiya tun da sauran lokaci, a bar shi ya yi sallama da abokai da malaminsa. A faɗa masa abin da zai tarar, cewa an kwashe kayan ɗaki, bangon gidan su wane ya rushe, wasu maƙwabta ba su dawo ba. A ja masa kunne sosai kada ya taɓa wani ƙarfe ko harsashi da ya gani a kango ko a fili, ya kira babba. Kafin ranar farko a kai shi ya ga sabuwar makarantar, ya san ajinsa da inda banɗaki yake. Littafin nan da kuka yi ta rubutu a ciki ya bi ku cikin jaka, ku sami sabon malamin a gefe ku gaya masa abu uku: abin da ke firgita yaron, abin da ke kwantar da shi, da wanda za a kira in abin ya tashi.